Shiga Sharo Ba Shanu? Ƙungiya da Ƙarar Hukuma a Madadin Jama'a

Gabatarwa

Idan akuyar maƙwabcinka ta shiga gonarka ta cinye maka wake, ba ka bukatar kowa ya koya maka abin yi. Ka san gidan mai unguwa, in abin ya gagara ka san ɗakin shari'a, kuma da ka tsaya gaban alƙali ba zai tambaye ka dalilin zuwanka sau biyu ba, domin gona taka ce, wake naka ne. To, amma a ce kuɗin da aka ware don gina azuzuwa a ƙauyuka masu yawa ne suka yi ɓatan dabo, ko kuwa hukuma ce ta fito da wani umarni wanda ya taka haƙƙin kowa da kowa a lokaci guda. Wa zai kai ƙara? Kowane uba a ƙauyukan nan an cuce shi, amma babu ko ɗaya da zai iya bugun ƙirji ya ce kuɗin nasa ne shi kaɗai. Galibi abin da kan biyo baya shi ne a taru a gindin bishiya, a yi Allah ya isa, a watse.

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne mu duba tambaya guda: shin ya dace, a shari'ance da kuma a hankalce, wata ƙungiya wadda ba ita aka taɓa kai tsaye ba ta ja hukuma gaban alƙali a madadin jama'a? Ko kuwa yin haka shiga sharo ba shanu ne? Ra'ayina shi ne ya dace, har ma wani lokaci ya zama tilas. Amma akwai sharuɗɗa, kuma masu sukar abin suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba.

"Ina ruwanka?"

Shari'ar da muka gada daga Turawan Ingila tana da wata ƙa'ida mai ƙarfi, watau kafin a saurari mai ƙara sai ya nuna inda abin ya shafe shi, shi kansa, fiye da yadda ya shafi sauran jama'a. A taƙaice, tambayar farko da kotu kan yi wa mutum ita ce, "Ina ruwanka?" In ya kasa amsawa, sai a sallame shi tun ba a duba ko yana da gaskiya ba.

Tun farkon samun mulkin kai wannan ƙa'ida ta nuna haƙoranta a nan Arewa. A shekarar 1961 wani ɗan siyasar adawa daga lardin Ilorin, J. S. Olawoyin, ya ƙalubalanci wata dokar Jihar Arewa ta 1958 wadda ta hana sa yara ƙanana cikin harkokin siyasa. Ya ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, kuma shi uba ne mai son koya wa 'ya'yansa siyasa. Kotu ta ce tun da dokar ba ta riga ta taɓa shi ba, ba shi da hurumin yin magana. Watau sai ya jira an kama shi tukuna.

Bayan shekara 20 aka sake yin irin ta. Shugaba Shehu Shagari ya naɗa Mai Shari'a Ovie-Whiskey shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa, Sanata Abraham Adesanya ya ce naɗin ya saɓa wa tsarin mulkin 1979. Ya yi jayayya a Majalisar Dattawa aka rinjaye shi, ya tafi kotu. A 1981 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba wani haƙƙinsa na kansa da aka taka, saboda haka ba shi da ta cewa. Mai karatu ya dubi wannan al'amari da kyau. Sanata guda, wanda ya yi rantsuwar kare tsarin mulki, an ce masa maganar tsarin mulki ba ta shafe shi ba. Ina ga manomi ko ɗan tireda?

A daidai wannan zamani kuwa aka yi shari'ar Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, wanda gwamnatin tarayya ta kore shi zuwa Chadi a 1980 bisa zargin wai shi ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta saurare shi, ta ba shi gaskiya. Shi an taɓa jikinsa, yana da suna, yana da jam'iyya da lauyoyi a bayansa. Ƙofar kotu a buɗe take ga irinsa. Waɗanda take rufe wa su ne mutanen da cutarsu ta warwatsu, ba ta da mai ita guda.

Inda ƙa'idar ta gaza

Ba a banza aka kafa wannan ƙa'ida ba. An so ne a kare kotuna daga masu neman fitina da 'yan tsugudidi, waɗanda in an sakar musu za su cika ɗakin shari'a da ƙararrakin da ba su da tushe. Wannan manufa ce mai kyau a shari'ar da ke tsakanin mutum da mutum, kamar bashi ko gado ko iyakar gona. Amma da aka ɗauko ta aka ɗora a kan shari'ar da ke tsakanin jama'a da hukuma, sai ta haifar da wani abin mamaki. Ma'aikacin da ya ƙwace filin mutum ɗaya yana iya tsintar kansa gaban alƙali. Wanda ya wawure dukiyar mutum miliyan ɗaya kuwa ya tsira, domin babu wanda aka cuta fiye da ɗan'uwansa. Iyakar girman ɓarna, iyakar kwanciyar hankalin mai yin ta. Duk ƙa'idar da ta kai mu ga wannan sakamako lalle akwai gyara a cikinta.

Akan ce ai babban lauyan gwamnati shi ne mai kare haƙƙin jama'a, shi ya kamata ya kai irin wannan ƙara. Haka ne a takarda. Amma babban lauyan nan minista ne, ko kwamishina, wanda shugaban gwamnati ya naɗa kuma yana iya tuɓe shi gobe da safe. Da wuya a ga ya ja majalisar da yake zaune a cikinta gaban shari'a. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Bayan wannan, ko da talaka yana da hurumin kai ƙara, sau da yawa ba shi da halin kaiwa. Kuɗin lauya, da kuɗin mota zuwa birni duk ranar da aka ɗaga shari'a, da tsoron abin da zai biyo baya daga dagaci ko ɗan sanda ko mai gidan da yake yi wa aiki, kowanne ya isa ya sa shi haƙura. Haƙƙin da mai shi ba shi da ikon nema bai bambanta da rashinsa ba. Ƙungiya kuwa tana iya tara kuɗi, tana iya jure shekaru, kuma ba ta da gona ko rumfar kasuwa da za a ƙwace mata cikin dare.

Abin da muka gada

Wani zai zaci wannan sha'ani baƙon abu ne da ya zo mana daga ƙasashen waje. Alhali kuwa tushensa yana cikin abin da malamanmu suka daɗe suna karantarwa a zaure. Malaman fiƙihu sun raba haƙƙi gida biyu, akwai haƙƙin bawa, akwai haƙƙin Allah, kuma a ƙarƙashin na biyun ne suka sa abubuwan da amfaninsu ko cutarsu ta game jama'a. A irin waɗannan sun yarda mutum ya je gaban alƙali ya ba da shaida don Allah, ko da ba wanda ya kira shi, ko da ba shi aka cuta ba. Sun kuma yi bayanin farilla ta kifaya, watau aikin da ya hau kan al'umma gaba ɗaya, in wasu suka yi an ɗauke wa sauran, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Wankan gawa da binne ta misali ne da kowa ya sani. Ba a taɓa ce wa wanda ya ɗauki makarar baƙo ina ruwansa ba.

Haka nan tun zamanin da ake da zaman sauraron koke-koke a kan masu mulki, wanda Al-Mawardi ya yi bayaninsa a littafinsa na hukunce-hukuncen sarauta. A ƙasarmu ma, Shaihu Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wasiƙar nasiha, inda ya nanata masa haɗarin sarki ya shamakance kansa daga talakawansa. Malaman jihadin Sakkwato su ma sun yi rubuce-rubuce a kan zaluncin mahukunta da wajibcin sauraron wanda aka zalunta. Saboda haka idan yau wata ƙungiya ta tashi ta ce kuɗin makaranta amana ce kuma za ta bi kadinsu, farillar da ta hau kanmu duka ce take saukewa.

Yadda ƙofa ta soma buɗewa

Sauyi bai zo rana ɗaya ba. A ƙasar Indiya, a 1979, wata lauya ta kai ƙara Kotun Ƙoli a madadin fursunonin Jihar Bihar waɗanda suka daɗe a tsare ba a yi musu shari'a ba, wasu ma sun zarce wa'adin da za a ɗaure su in da an same su da laifi. Dubban mutane suka sami fita a sanadiyyar wannan. Daga baya alƙalan ƙasar har wasiƙa suka riƙa karɓa a matsayin ƙara. A Afirka ta Kudu kuma, a 2002, wata ƙungiyar masu fafutukar neman magani ta sa kotun tsarin mulki ta tilasta wa gwamnati ta wadata asibitocinta da maganin da ke rage yaɗuwar cutar ƙanjamau daga uwa zuwa jariri.

A Nijeriya, bayan kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a 1986, lauya Gani Fawehinmi ya nemi a ba shi damar gurfanar da waɗanda yake zargi. Aka ce masa shi ba ɗan'uwan mamacin ba ne. A 1987 Kotun Ƙoli ta ce yana da hurumi, domin a sha'anin aikata laifi kowa mai tsaron ɗan'uwansa ne. Sa'an nan a 2009 Babban Jojin Ƙasa Idris Legbo Kutigi ya fito da sababbin ƙa'idojin shari'ar haƙƙin ɗan Adam, waɗanda suka umarci kotuna su yi maraba da ƙarar da aka kawo don amfanin jama'a, kada su kori irin wannan ƙara don kawai mai kawo ta ba shi aka taɓa ba. A 2018 kuma Kotun Ƙoli ta yarda wata ƙungiya mai sa ido kan ɓarnar man fetur tana da hurumin ƙarar kamfanin mai na ƙasa saboda malalar da ta ɓata ruwan shan wasu ƙauyuka a Jihar Abiya. Amma a lura, malalar ta auku ne a 2003. Shekara 15 aka yi kafin a gama maganar wa ke da bakin magana.

Akwai kuma kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, mai zama a Abuja, wadda tun 2005 aka ba ta ikon sauraron ƙarar take haƙƙin ɗan Adam kai tsaye daga mutane. Ƙungiyar SERAP ta Legas ta kai gwamnatin Nijeriya can, tana dogara da rahoton hukumar ICPC a kan yadda aka yi almubazzaranci da kuɗin ilmin firamare a jihohi 10. Gwamnati ta ce maganar ilmi tana babi na 2 na tsarin mulki, wanda kotu ba ta da ikon tilasta shi, kuma ƙungiyar ba ta da hurumi. A 2009 kotun ta ƙi waɗannan hujjoji, a 2010 kuma ta yanke cewa ilmi haƙƙi ne na kowane yaro, wajibi ne gwamnati ta cike giɓin da aka samu. Kotun nan ce kuma a 2022 ta ce rufe Twitter da gwamnati ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa wa doka.

Hanyoyin da ƙungiya kan bi

Hanya biyu ce babba. Ko ƙungiya ta shigar da ƙara da sunanta, kamar yadda muka gani, ko kuwa ta tsaya bayan mutum guda da abin ya shafa, ta ba shi lauya da mafaka, shari'arsa ta zama ta kowa. Misalin ta biyun ya zo mana daga Nijar. Hadijatou Mani an sayar da ita tana 'yar shekara 12 a 1996, ta yi shekaru a matsayin wahaya a yankin Birnin Ƙonni. Ƙungiyar Timidria da abokan aikinta suka tsaya mata, har a Oktoban 2008 kotun ECOWAS, a zaman da ta yi a Yamai, ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ta umarta a biya ta sefa miliyan 10. Mace ɗaya ce ta tsaya gaban alƙalai, amma hukuncin ya shafi duk wadda ke cikin irin halinta. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, abin da ke nuna cewa ƙofar da ta buɗe tana iya sake rufewa.

Kowace hanya aka bi, akwai shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Dole ƙungiya ta yi rajista, in ba haka ba doka ba ta san da zamanta ba, balle ta yi ƙara da sunanta. Dole ta tara shaida, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun ma'aikatar gwamnati, a ba shi amsa cikin kwana 7. Dole ta yi hanzari, domin akwai dokar da ta ba da wata 3 kacal don ƙarar jami'in gwamnati a kan aikinsa, wasu hukumomin kuma sai an aika musu da takardar sanarwa kafin a kai su ƙara. Sa'an nan ta san ainihin abin da take roƙon kotu: bayyana cewa matakin hukuma haramtacce ne, ko soke shi, ko tilasta wa jami'i ya yi aikin da doka ta ɗora masa.

Hujjojin masu suka

Suka ta farko ita ce, wa ya zaɓi ƙungiyar? Gwamna komai lalacewarsa ya nemi ƙuri'a, kuma ana iya kayar da shi. Alƙali ba a zaɓe shi ba, shugaban ƙungiya ma haka. In aka bar su biyun suna rushe shawarar gwamnati, ashe ba an mayar da mulki hannun waɗanda ba za a iya tuɓewa ba ke nan? Wannan magana tana da nauyi. Amsarta ita ce a bambanta tsakanin zaɓin siyasa da keta doka. Ko a gina hanya ko a haƙa rijiya, wannan na zaɓaɓɓu ne, kotu ba ta da ta cewa. Amma in majalisa ta yi doka, kamar dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 wadda ta wajabta ilmi kyauta har ƙaramar sakandare, sa'an nan gwamnati ta ƙi bin ta, to ƙungiyar da ta kai ƙara tana neman a cika abin da zaɓaɓɓun suka zartar da kansu ne. Ƙungiyar da ta faɗi a muhawara ta ruga kotu don a ba ta abin da jama'a suka hana ta, ita ce ta wuce gona da iri.

Suka ta biyu ta fi ci mini rai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yana yiwuwa lauya a Legas ko Abuja ya yi shari'a da sunan almajirai ko makiyaya ko zawarawa alhali bai taɓa zama da su ya ji abin da suke so ba. Yana yiwuwa kuma abin da ke jan ƙungiya shi ne sunanta ya fito a jarida, ko ta faranta wa masu ba ta kuɗi daga waje. Shari'a kuwa mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. In aka shigar da ƙara ba shiri aka faɗi, hukuncin zai zama tubalin da za a riƙa jifan na baya da shi, kuma talakan da aka yi don shi ne zai ɗanɗana. Saboda haka wanda ya ce zai yi magana da bakin wasu ya ɗauki amana. Tilas ya je wurinsu tun farko, ya gaya musu gaskiyar haɗarin da ke ciki da harshen da suke ji, ya bayyana inda kuɗinsa ke fitowa, ya kuma koma ya ba su labari ko an ci ko an faɗi. Wanda bai yi haka ba, shi ne ainihin mai shiga sharo ba shanu.

Suka ta uku ita ce, me aka samu? Bayan hukuncin 2010, har yanzu yaran Nijeriya da ba su zuwa makaranta sun haura miliyan 10, mafi yawansu a Arewa. Kotu ba ta da soja, ba ta da baitulmali. Ko kuɗi aka ci gwamnati, doka ta ce sai da yardar babban lauyanta za a taɓa abin da ke hannun jami'inta. Wannan duk gaskiya ne. Amma hukunci yana sauya matsayin mai nema. Jiya yana roƙon alfarma, yau yana bin bashi, kuma akwai takardar da ɗan jarida da ɗan majalisa da malamin makaranta za su riƙe su yi tambaya da ita. Ƙungiyar da ta ɗauka aiki ya ƙare ranar da alƙali ya tashi ta yi kuskure, domin bin hukunci har a aiwatar da shi ya fi samun sa wuya.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, yawancin shari'o'in da na ambata ba daga garuruwanmu aka shigar da su ba, ko da yake matsalar ilmi da ta tsare mutane ba shari'a sun fi yi mana katutu. Muna da ƙungiyoyin ci gaban gari, da na tsofaffin ɗalibai, da na manoma da 'yan kasuwa, kusan kowace kuma akwai lauya ko mai karatun lauya a cikinta. Mun iya tara kuɗin walima da na kalanda. Ba zai gagare mu ba mu rubuta wa ƙaramar hukumarmu takarda mu tambayi nawa aka ware wa asibitin garinmu bara, kuma ina aka kai su. Sau da yawa ma tambayar kaɗai takan isa, ba sai an je gaban alƙali ba.

Kai hukuma ƙara ba rashin ladabi ba ne ga shugabanni, kuma ba tawaye ba ne. Wanda ya nufi ɗakin shari'a ya nuna ke nan ya yarda da hukuma da dokokinta, ya zaɓi takarda a kan dutse da wuta. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar junanmu, amin.